Ta'aziyyar Garkuwa, Man da Ya Ci Amanar Garzali

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuya mai raɗaɗin ƙuna, Malam Garzali Jibrin na bakin Tiga a ƙasar Bebeji, tare da mahaifiyarsa Inna Delu da maiɗakinsa Turai, suna sanar da dangi da abokan arziki, na kusa da na nesa, rasuwar amininsa kuma abokin tafiyarsa gona, wato man shafawar nan mai kare fata daga ƙunar rana, wanda a cikin gida aka fi sani da Garkuwa. An tabbatar da rasuwar ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a kan teburin wata nas a asibiti. Sai dai iyalan suna da takaicin ƙarawa da cewa ba ranar ya cika ba. Bincike ya nuna marigayin ya riga mu gidan gaskiya tun wata goma sha huɗu da suka wuce, amma ya ci gaba da shiga aljihu yana fita, ana buɗe shi yana amsawa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ga wanda bai san Garzali ba, zabiya ne. Allah ya halicce shi da farar fatar da rana ba ta raga mata, da idanun da ba sa son haske, ba sa kuma ganin ƙananan abubuwa sai an kawo su dab da hanci. Mahaifinsa, marigayi Malam Jibrin, yana cikin waɗanda ruwan dam ya tayar daga tsohon garinsu, aka ba su fili a nan, suka koma noman rani. A wannan gida Garzali ya tashi ɗan zaure. Da safe yayansa Badamasi ya saɓa fartanya ya bi mahaifinsu, shi kuwa a shimfiɗa masa tabarma a inuwa a ce ya kula da gida, alhali gidan babu abin da yake nema a wurinsa. Shekara talatin da biyu ya yi yana jin labarin gona a bakin waɗanda suka dawo. Da aka raba gado, yankin da ke bakin magudanar ruwa ya faɗo a rabonsa. Badamasi ya ce zai riƙa noma masa, shi ya zauna a tireda. Garzali ya ce ya gode, amma ya gaji da zama.

A daidai lokacin ne marigayin ya shigo gidan, shekara huɗu ke nan. Wata ƙungiyar zabaya ce ta yi taro a Kano, aka ba kowa kwali. Su shida ne a cikin na Garzali, uwa ɗaya uba ɗaya, farare tas, masu ruwan ɗorawar hula, kowanne da lamba hamsin a ƙirji. Marigayin shi ne na ƙarshe a jere, don haka shi ne auta. Garzali ya ɗauko kwalin tun daga tasha a rungume, ya dire shi gaban mahaifiyarsa, ya ce ga abin da zai kai shi gona. Inna Delu ta daɗe tana jujjuya ɗaya a hannu kafin ta yi magana, kuma a gaban Badamasi ta yi ta.

“To, na ji. Wannan ne garkuwar taka. Je ka ka yi nomanka. Amma ka saurare ni da kyau, Garzali. Ranar da ka shigo mini gida rana ta yi maka rauni, ka ajiye fartanya ke nan, kada ka turo mini kowa roƙo. Na binne miji, ba zan zauna ina kallon rana tana cin ɗana ba.”

Daga bakinta sunan ya fito, kuma da wannan sharaɗi Garzali ya shiga gona.

Iyalan ba za su hana marigayin yabon da aka san shi da shi ba, ko da yake yanzu ba su san nawa ne nasa a ciki ba. Ba shi da hayaniya. Duk maganarsa a duniya ba ta wuce “ƙas” idan an ɗaga hularsa, da “fyat” idan an matsa cikinsa. Yana da sanyi a jiki, yana da ƙamshi maras shiga hanci, bai taɓa neman mai ko caji ba. A zamaninsa da yayyensa ne Garzali ya koyi yadda ake tare ruwa da ƙafa, ya san ƙamshin ƙasar da ta ƙoshi da wadda ke da saura. Masu wucewa da suka fara da “Bature ya fito gona!” suna dariya, a shekara ta biyu sun koma tsayawa suna tambayar inda ya samo irin albasarsa. Wanda bai yi shekara talatin a zaure ba ba zai gane daɗin da mutum ke ji ba idan ya dawo gida da laka har gwiwa, matarsa tana yi masa faɗa ya ɓata mata tsakar gida.

Shi ma marigayin ba zai ce ba a riƙe shi da daraja ba. A wurin taron an gaya musu su shafa da yawa, su kuma ƙara duk bayan awa biyu. Garzali ya ji. Amma mutumin da ya san shida ne da shi, kuma bai san ranar da za a sake kiran taro ba, jinsa daban ne. Sai ya riƙa ɗiga shi a ɗan yatsa kamar mai sa turare, ya bi goshi da hanci da kunnuwa, sauran jikin ya bar wa malfa da riga mai dogon hannu da ƙyallen da yake naɗawa a wuya. Da wannan tsimi yayyen marigayin biyar suka kai shi shekara biyu da rabi. Shi kuwa autan, tun ranar farko aka ware shi. A nan ƙasar abu mai daraja ajiye shi ake yi. Zuma tana shekaru a kwalba, turaren wuta yana ƙara kyau idan ya kwanta, shadda tana ƙasan akwati har sai ranarta ta zo. Garzali ya sa Garkuwa a sahunsu. Turai ta ba shi mazauni a saman kabet ɗinta, tsakiyar kwanukan jere, daidai taga mai kallon yamma, inda hasken la'asar ke sauka a kansa kullum, duk wadda ta shigo ta gan shi yana ƙyalli.

Da layi ya zo kansa, sai ya sauko daga kabet ya koma jakar da ke ɗaure a tankin babur. Babur ɗin kuwa a bakin gona yake yini, babu bishiya babu rumfa, har sai tankin ya gagari tafin hannu. Idan lokacin sanyi ya zo ya daskare yana wuyar fita, Turai ta yi masa abin da kowace mace ke yi wa man kaɗanya da man shanu: ta ɗora shi a kan katanga da hantsi, ya sha rana ya saki jiki. Sau ɗaya Garzali ya ɗan yi jim, ta ce, “Maigida, ai maganin rana ne. Me rana za ta yi masa?” Magana ce mai shiga hankali, kuma duk wanda aka gaya wa a unguwar ya gyaɗa kai.

Rashin lafiyar ajalinsa ta zo a hankali, kuma alamunta sun fito, iyalan ba sa musu. Farinsa ya fara komawa ruwan ƙwai. Idan an matsa shi, wani tsinkakken ruwa ne ke fara fitowa, sannan gudaji-gudaji su biyo baya kamar kindirmon da ya kwana biyu. Ƙamshin ya tafi, wani wari irin na tsohon man gyaɗa ya maye gurbinsa. Muryarsa ma ta canza, “fyat” ɗin ta koma “furrr”, da tari a ƙarshenta. Garzali ya lura da duk wannan, amma ya yi masa uzurin da ake yi wa dattijo. Sai ya girgiza shi da kyau, ya ce tsufa ne, wa ya tsufa bai canza ba. Kuma idan an shafa, yana kwanciya a fata da sanyinsa kamar kullum. Nan ne cin amanar take. Fitila idan ta mutu duhu ake gani, injin ban-ruwa idan ya mutu shiru ake ji. Shi wannan ya mutu yana ci gaba da nuna yana bakin aiki.

Ranar Alhamis ta makon jiya asirin ya tonu. Kwana tara ruwa bai zo ɓangarensu ba, zafi ya kama, albasa kuma saura wata guda a cire ta, ganyenta ya fara lanƙwasa. Da asuba aka ce an sako ruwa, kuma zuwa la'asar za a karkata shi ga na gaba. Komin shuka arba'in da biyu ne a gonar Garzali, kowanne sai an buɗe masa baki ya sha an toshe. Ranar bai yi tsimi ba, ya matsa marigayin har sau uku, ya shafe fuska da wuya da hannuwa. Wajen ƙarfe goma iska ta tashi tana ɗauke masa malfa, ya bi ta sau biyu cikin laka, a na uku ya danne ta da dutse a bakin gona. Ƙyallen wuyan ya jiƙe da gumi ya cire, hannun rigar ya naɗe. Me zai ji tsoro, yana da Garkuwa? Haka ya yini a sunkuye, ƙeyarsa a sama, har komin ƙarshe ya sha. Ya hau babur yana jin ya yi aikin da ko Badamasi zai sara masa.

Kafin magariba fuskarsa ta yi jawur kamar tattasai. Da gari ya waye, ƙeya da kunnuwa da bayan hannuwa duk sun tashi bororo, leɓɓansa sun tsage, ko wuyan riga ba ya iya jurewa. Turai ta yi kuka, ta kawo shawarar ya ce zazzaɓi ne ya kwanta a ɗaki har ya warke. Amma a gidan Malam Jibrin ba a taɓa wayewar gari ɗa bai je gaida uwa ba, in ya ƙi zuwa ita za ta zo. Sai ya ja hula har gira, ya yafa mayafi, ya shiga ɗakinta da sallama. Fuska dai ya ɓoye ta. Abin da ya manta shi ne ba a gaida Inna a tsaye. Da ya durƙusa ya sunkuyar da kai, mayafin ya zame, ƙeyar nan ta bayyana a gabanta ɓaro-ɓaro.

Inna Delu ta amsa gaisuwar har ƙarshe, ta tambayi kwanan iyali, ta tambayi gajiya. Sannan ta ɗaga murya ta ce, “Turai, miƙo mini fartanyar nan da ke bayan ƙofa.” Aka kawo, da busasshiyar lakar jiya a bakinta. Ta tura ta ƙarƙashin gadonta, ta ci gaba da jan carbi.

Ranar Talata aka kai shi asibiti da marigayin a aljihu, domin har lokacin Garzali yana kare shi, yana cewa ranar ce ta fi ƙarfi. Nas ɗin, wata dattijuwa mai suna Hasana, ta ce ya ba ta ta gani. Ta ɗaga hular, ta shinshina, ta yamutsa fuska. Ta ɗiga a bayan hannunta, ruwa ya gangara. Daga nan ta yi abin da babu wanda ya taɓa yi a shekara huɗu: ta kifa shi ta duba gindinsa.

“Malam, wannan ai ya daɗe da mutuwa. Ga wata ga shekara an buga. Irin wannan man shekara uku yake yi daga ranar da aka haɗa shi, shi ma idan an ajiye shi wuri mai sanyi, inda rana ba ta gani. A ina yake kwana?”

Garzali ya ambaci kabet, ya ambaci babur. Turai ta sunkuyar da kai ta ƙara da katanga. Malama Hasana ta ajiye biro ta dube su.

“Kun gasa shi ke nan. Zafi ne ke kashe maganin da ke cikinsa, ko lokacinsa bai cika ba. Da ka ga launi ya canza, ko wari, ko ya tsinke, magana ta ƙare, yar da shi ake yi. Kuma mai shiga gona irinka, in kana shafawa yadda ya kamata, roba ɗaya ba za ta kai ka wata biyu ba, balle ta tsufa a hannunka. Wallahi malfarka da rigarka ne suka riƙe ka duk tsawon nan, ba shi ba.”

Ta wanke ƙunar, ta sa magani. Tana cikin yi ta tsaya a kunnensa na hagu, inda wani ɗan miki ya fito tun damina, yana ɓawo yana faɗuwa, ya ƙi warkewa. Ta tambayi tun yaushe, ta yi rubutu a takarda, ta ce wannan ba nata ba ne, sai an je Kano an duba, kuma kada a wuce makon gobe. Garzali ya karɓi takardar. Ya dubi marigayin kwance a kan tebur, gindi a sama, ya ce, “Haba, Garkuwa.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan har suka iso gida.

Abin da ke cin ransa, kuma ya ce lallai a rubuta, shi ne wannan. Ɗan Adam ba a ba shi sanin ranar mutuwarsa ba, don haka ba a zarginsa idan ya tafi ba sallama. Shi kuwa marigayin an ba shi tasa a rubuce tun ranar haihuwa, ya zauna a kanta. Kuma da wane irin rubutu? Ƙananan lambobi da aka danna a jikin roba, babu tawada, fari a kan fari, a kan kayan da aka yi domin mutanen da idonsu ba ya ganin ƙaramin abu. Wata huɗu kacal ya yi wa Garzali aikin gaskiya, sauran wata goma sha huɗun malfa ce ke shan rana, shi yana karɓar godiya. Wasu daga cikin surukai na Dangora sun ce a yi adalci, marigayin ma an zalunce shi, wanda aka ɗora a katanga aka bari a tankin babur yana da nasa ƙorafin. Iyalan sun ji wannan magana, kuma ba su ce ƙarya ba ce. Amma dai shi marigayin ba shi da ƙeya, ba shi da kunne, ba shi da gona.

Ya rasu ya bar malfa ɗaya, wadda aka ɗauko daga ƙarƙashin dutse aka nemi afuwarta, da riguna biyu masu dogon hannu, da baƙin tabarau mai karyayyen hannu. Ya bar yayyensa biyar, waɗanda suka gama aikinsu da mutunci, yanzu Turai ta yanke kawunansu tana zuba allura da maɓallai. Ya kuma bar magaji, domin ƙanin Turai ya aiko da sabo daga Kano shekaranjiya. An kifa shi an karanta gindinsa tun a zaure, an rubuta ranar da manyan baƙaƙe a jikinsa yadda Garzali zai gani, an naɗe shi a tsumma an ajiye a lungun bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Garzali ya ɗauke shi ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, duk da ta ce kada a zo roƙo. Ya yi mata bayanin duk abin da nas ta faɗa, ya ce yanzu ya gane, a gona ma a inuwa zai riƙa ajiye shi, ba zai sake cire malfa ba. Ya ce wata guda kawai yake nema, ya cire albasarsa da hannunsa. Inna Delu ta saurare shi har ya gama, idonta a kan kunnen nan na hagu.

“Wancan ma haka ka kawo mini shi, fari tas,” in ji ta. “Tashi ka je, ɗana. Badamasi zai cire maka.”

Za a yi jana'izar marigayin ranar Juma'a da la'asar sakaliya, bayan rana ta yi sanyi. Babu wanka, babu salla, babu rakiya. Za a ƙulle shi a leda a kai shi juji, domin Garzali ya ce ko taku ɗaya na ƙasar gonarsa ba zai ba shi ba. Maƙwabcinsu Shitu, wanda ya nemi a ba shi gawar ya riƙa shafa wa kaushi, ana ba shi haƙuri, iyalan ba za su bari marigayin ya sake samun wanda zai yarda da shi ba. 'Yan uwa zabaya na Tudun Wada da Riruwai da Ƙofa da suka karɓi kwali a taron nan, ana roƙonsu kowa ya kifa nasa ya sa mai ido ya karanta masa kafin ya kamo hanya. Wanda ya yi niyyar addu'a kuma, kada ya ɓata ta a kan roba, ya ajiye ta ga kunnen Garzali, ranar Litinin za a kai shi Kano.

Za a karɓi gaisuwa a zauren gidan marigayi Malam Jibrin. Ba a sa lokaci ba, safe ko rana duk wanda ya zo zai tarar da Garzali, babu inda za shi. Sai dai yana da roƙo ɗaya ga masu biyowa ta bakin magudanar ruwa. Komin da ke kusurwar gabas yana kan ɗan tudu, ruwa ba ya hawa masa sai an tare na ƙasa an jira, kuma Badamasi mutum ne mai sauri. Don Allah wanda ya wuce ya tsaya ya taɓa ƙasar, ya zo ya gaya masa ko ta sha.